Ɗan Mai Ƙuli Ba Ya Cin Gyaɗa

Na san Alisabatu tun 1962, shekarar da aka turo ni Minna in koyar a wata firamaren mishan. Na kama ɗaki a gidan haya a Ƙetaren Gwari, ɗakinta da mijinta Irimiya yana kallon nawa. Su biyun Gwarawa ne daga wani ƙauye can bayan Garatu. Shi lebura ne a reluwe, cikin masu gyaran layi. Ni 'yar kudancin Zariya ce, saboda haka da Hausa muke magana, ita da irin tata, ni da irin tawa. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Malama take ce mini har ta mutu.

Ba kyakkyawa ba ce, ba ta kuma da yawan fara'a. Gajeriya ce mai faɗin kafaɗa, kamar yawancin matansu da suka tashi da ɗaukar kaya a kafaɗa. Ba ta yi makaranta ba. Abin da ta iya shi ne man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma a wurin wata Banufiya ta koya, matar Ndayako tela, wadda duk unguwa ke kira Nna. Takan soya gyaɗa a babban kasko, ta murje, ta sheƙe, ta daka har ta yi laushi, sannan ta tsaya a kan turmi tana juyawa tana yayyafa ruwan zafi har mai ya taso. Ta kwashe man, ta matse tunkuzar da hannu, ta mulmula, ta soya. Man takan zuba a kwalabe ta kai kasuwa, ƙulin kuma ta kai tasha idan jirgin Ikko ko na Kano ya tsaya. Komai na gidanmu ƙanshin gyaɗa yake yi. Yaran ajina sun taɓa tambayata ko ƙuli nake sayarwa idan an tashi.

Ciki biyu ta yi suka zube kafin ta haifi Yona a daminar 1964. Lafiyayye aka haife shi. Bai kai wata biyu ba kirci ya fito masa a kumatu, ja, busasshe, yana ɓarewa. Ya bi wuya da ƙirji, daga baya ya zauna a lanƙwasar hannu da bayan gwiwa. Yaron ya riƙa goga fuska a bayan uwarsa har majanyi ya ɓaci da ruwa da jini. Ta ɗinka 'yan jakunkuna ta ɗaure masa a hannu don kada ya yage kansa da farce. Kukansa yana shigowa ɗakina, na saba da shi yadda na saba da kukan jirgi.

Kowa ya kawo nasa maganin. Wata ta ce nonon ne ya yi zafi, uwar ta sha jiƙo. Wata ta ce a yi masa wanka da ganyen darbejiya. Malam Gimba, malamin asibiti a ɗakin shan magani na kusa da mu, ya ba da wani farin magani mai kama da ruwan alli, ya ce fatar ta bushe da yawa, a riƙa shafa masa mai. Bai ce wane mai ba, ba kuma wanda ya tambaya. A ɗakin mai yin man gyaɗa, mai ɗaya ake da shi.

Akwai wanda take kira man farko, wato wanda ya fara tasowa a turmi, bai taɓa wuta ba. Ba ta sayar da shi. Shi take ɗiba da ɗuminsa ta shafe yaron daga kai har tafin ƙafa, safe da yamma, da hannun da ta gama matsar tunkuza. Inda fatar ta tsage nan ta fi cika masa. Kuma yana yi masa daɗi, na gani da idona. Fatar takan yi laushi, ya yi shiru, ya yi barci. Nna ta yaba mata, ta ce da shi ta raini 'ya'yanta duka.

Yanzu da na tsufa, jikata da ke aikin jinya ta gaya mini abin da likitoci ke faɗa. Wai jaririn da kirci ya kama da wuri, ya kuma yi masa tsanani, shi ya fi shiga haɗarin jikinsa ya ƙi wani abinci, musamman gyaɗa ko ƙwai. Suna ganin ta tsagaggiyar fata abin ke fara shiga, jiki ya ɗauke shi abokin gaba tun baki bai ɗanɗana ba. Ban sani ba ko haka ya faru da Yona, domin ba wanda ya auna shi. A lokacin dai babu mai wannan labari a Ƙetaren Gwari, har da ni da nake da takardar sakandare.

Yana da wata goma ko kusa da haka, yana rarrafe a tsakar gida yana damun uwarsa, ta lakato tunkuza ta sa masa a baki don ya bar ta ta yi aiki. Ina zaune a ƙofar ɗakina ina duba aikin yara. Ba a jima ba leɓensa ya kumbura, idanunsa suka kusa rufewa, borin jini ya feso masa ko'ina, ya yi amai a kan tabarma. Matan gida, har da Nna da ta shigo, suka ce kunama ce. Aka ɗaga tabarma, aka kwashe itace, ba a ga komai ba. Aka ce to gizo-gizo ne. Zuwa yamma kumburin ya sauka, aka bar maganar.

Bayan 'yan makonni wata ta ba shi kunun gyaɗa a gidan suna. Wannan karon abin ya fi muni. Numfashinsa ya riƙa fita da ƙara kamar ana busa kara, ya yi laushi a hannun uwarsa. Muka ruga da shi wurin Malam Gimba, ya yi masa allura, yaron ya dawo. A hanyar gida tana goye da shi ta ce mini:

"Malama, gyaɗa ce."

Na tambaye ta yadda ta sani. Ta ce duka biyun abu ɗaya ne ya shiga bakinsa, ita ce uwarsa, ta san abin da ya ci. Washegari muka koma ta gaya wa Malam Gimba. Bai yi mata dariya ba. Ya ce an taɓa yi musu maganar irin wannan a wurin koyon aiki, amma bai taɓa gani ba sai yau, kuma ba shi da maganin da zai raba yaron da shi. Ta hana shi ci, ta daina shafa masa man, idan kuma abin ya sake tashi ta kawo shi da gudu, domin allurar nan ita kaɗai ce ke tsakaninsa da kabari.

Sauran mutane kuwa sun yi dariya. Nna ta ce idan ɗan mai ƙuli ya ƙi gyaɗa, ita ma gobe za ta ce jikinta ba ya son aiki. Irimiya ya ce da gyaɗa ya girma, ubansa ma haka, ɗansa ba Bature ba ne. Ba mugayen mutane ba ne. A saninsu abincin da kowa ke ci ba ya kashe mutum, sai idan wani ya sa wani abu a ciki, ko da hannu ko da mugun ido.

Alisabatu ta bar sana'arta. Ta koma saro doya da itace tana sayarwa a bakin hanya, ribar ba ta kai rabin ta ƙuli ba. Ta koma girki da manja, ta koma shafa masa man kaɗe. Sai da ta fara hana shi na gane gyaɗa tana cikin kusan duk abin da muke ci: miyar taushe, kunu, kwaɗon rama, yajin tsire, ƙosan da aka soya a kan hanyar makaranta. Kircin ya ragu amma bai tafi ba, idan sanyi ya shigo kuma fuka ta kama shi.

A 1967 yaƙi ya tashi. Irimiya ya bi abokansa ya shiga soja, jirgi ya kwashe su zuwa kudu. Abin da yake aikowa ba ya isa, wani lokaci ma ba ya zuwa. Dole Alisabatu ta koma ƙuli. Amma ta kwashe turmi da kasko ta kai gidan Nna, can take wuni. Idan ta dawo sai ta wuce bayan gida ta yi wanka da sabulun salo, ta sauya zani, kafin ta bari Yona ya taɓa ta. Yakan tsaya a bakin ƙofa da hannuwansa a baya yana jiranta. Siriri ne, jikinsa fari-fari da magani, yaran unguwa suna kiransa Ɗan Alli. Ba ya faɗa, ba ya gudu sosai saboda ƙirjin. Abin da yake so shi ne in ba shi guntun alli ya zana jirgi a bangon ɗakina, da taragu har inda hannunsa ya kai.

Ta koya masa magana ɗaya tun bai iya magana sosai ba. Duk wanda ya miƙa masa abin ci, ya ce, "Na gode, na ƙoshi." Yana faɗa ko da cikinsa na kuka. Wannan ne ya ɓata ta da mutane. A zamaninmu yaro yana ci a duk ƙofar da ya tarar ana ci. Uwar da ta hana ɗanta abincin wata mace, ko ba ta buɗe baki ba an san abin da take nufi, tana zargin matar da maita ne. Ta yi bayani har ta gaji. Matan gidanmu suka rage gaisuwa da ita. Ɗaya ta ce mini a bakin famfo, idan Maman Yona tana ganin akwai mai cin yara a gidan nan, ta fito ta kira suna.

Wadda abin ya fi ci ita ce uwar Irimiya. Magdalina sunan da aka ba ta a baftisma bayan ta tsufa. Mijinta ya daɗe da mutuwa, ta haifi 'ya'ya da yawa, Irimiya kaɗai ya rayu. Mace irin wannan a ƙauye dama ana kallonta ta gefen ido. Al'adarsu kuwa idan za a yaye yaro, wurin kakarsa ake kai shi ya yi makonni. Alisabatu ta ƙi, domin ta san tsohuwar gyaɗa take nomawa a bayan ɗakinta, da ita take miya, da ita take kunu. Ta yaye shi a ɗakinta a Minna. Tsohuwar ta haɗiye wannan.

Lokacin girbin 1968 ta zo Minna a ƙafa tare da wasu mata biyu 'yan ƙauyensu da suka kawo kaya kasuwa. Ta kawo doya da dawa da sabuwar gyaɗa dafaffiya. Alisabatu tana gidan Nna, ni ina makaranta. Kusan tare muka shigo. Muka tarar tsohuwar ta zauna a tsakar gida, ta ɓare gyaɗa a tafin hannu tana miƙa wa Yona, tana tsokanarsa da mijina, yadda kakanni ke yi. Bakin yaron yana cewa ya ƙoshi, hannunsa kuma yana fitowa daga bayansa. Alisabatu ba ta yi sallama ba. Ta yi tsalle ta buge hannun surukarta, gyaɗar ta watse a ƙasa, a gaban matan gida da matan ƙauye biyun.

Tsohuwar ta tsuguna ta tsince gyaɗar ɗaya bayan ɗaya, ta ƙulle a bakin zani. Alisabatu ta durƙusa tana bayani da Gwaranci. Tsohuwar ba ta dube ta ba. Ko ruwa ba ta sha ba, ta kama hanya.

Matan biyu suka kai labari. Matar ɗanta da kanta ta hana ta ciyar da jikanta, to me ya rage a faɗa? Iyaye suka riƙa kiran 'ya'yansu idan sun doshi ƙofarta. Idan ta zo rafi mata su tashi. Akuyar wani ta mutu, aka ce ta wuce ta gaban ɗakinta. Maganar ta kai kunnen Irimiya a bakin daga, ya aiko wani soja da ya zo hutu ya gaya wa matarsa ta je ta wanke uwarsa, in ba haka ba kada ya dawo ya same ta a ɗakinsa.

Wanda ya ɗauki sasancin shi ne Baba Ishaku, dattijon ikilisiyar ƙauyen, mutum mai haƙuri. Ya zo Minna a kan keke. Ya ce hanya ɗaya ce: a kawo yaron ran Lahadi, bayan an tashi daga sujadar coci ya ci abinci daga hannun kakarsa a gaban kowa. Alisabatu ta ce ta yarda, amma ita za ta dafa. Ya ce idan ita ta dafa, me aka wanke? Ta ce to kada gyaɗa ta shiga, ko ƙwaya, ko mai, ko ƙuli. Ya ce wannan mai sauƙi ne. Ya koma ya tambayo tsohuwar, ya aiko cewa ta yi alkawari.

Alisabatu ta roƙe ni in raka ta, wai ni na yi makaranta, za su ji maganata. Na ce mata ba za su ji ba. Amma na je.

Daminar 1969 ce, Yona yana da shekara biyar. Ran Asabar muka hau babbar motar Bida muka sauka a Garatu, muka ƙarasa a ƙafa, muka tsallake wani rafi da ruwansa ya kai gwiwa. Da safiyar Lahadi aka yi ruwa mai yawa. Bayan sujada aka shimfiɗa tabarmi a gindin wata ɗorawa, duk ƙauyen ya taru. Baba Ishaku ya yi magana da Gwaranci yana juya mini kaɗan-kaɗan da Hausa. Alisabatu ta durƙusa gaban surukarta ta nemi gafara, ta ce ba ta taɓa zarginta da komai ba, ciwon yaron ne. Ni ma na tashi na faɗi abin da na gani sau biyu da abin da Malam Gimba ya ce. Suka saurare ni da ladabi, irin wanda ake yi wa baƙo.

Tsohuwar ta kawo tuwon dawa da miyar ganye, manja ya yi ja a kai. Alisabatu ta jawo ƙwaryar ta shinshina, ta sa yatsa ta ɗanɗana. Daddawa da barkono sun rufe komai. Ta dubi surukarta, ta sake tambaya. Tsohuwar ta ce ai ta riga ta yi alkawari. Sai ta ɗora yaron a cinyarta, ta yanko loma, ta yi masa magana da 'yar Hausar da ta iya don kowa ya ji, har da ni:

"Mijina, yau ma za ka ƙi tuwon matarka? To in ka ƙi, na sake miji."

Mutane suka yi dariya. Yona ya juya ya dubi uwarsa.

"Ci, Yona," in ji ta.

Ya ci. Yunwa yake ji, miyar kuma ta yi daɗi, ya buɗe baki da kansa yana jiran wata lomar. Aka kira wasu yara suka sa hannu a ƙwaryar, manya ma suka ɗanɗana. Baba Ishaku ya fara addu'ar godiya.

Bai gama ba tsohuwar ta miƙe da yaron a hannu, fuskarta cike da murna, tana magana da ƙarfi tana nuna ƙwaryar. Ba na jin Gwaranci, amma na ga fuskar Alisabatu. Baba Ishaku ya juya mini da Hausa a hankali. Cewa take yi ta daka gyaɗa cikin hannu guda ta zuba a miyar, ga shi ya ci, ga shi nan lafiya lau. Hannunta ba shi da komai, yaron ma ba shi da komai, tsoron uwarsa ne kawai, daga yau a bar shi ya ci abinci kamar 'ya'yan mutane. Ba mugunta ta yi niyya ba. Ta yi zaton ta warkar da gida biyu da miya ɗaya.

Alisabatu ta fizge shi ta tura masa yatsa a maƙogwaro. Ya yi amai kaɗan. Ya riga ya fara sosa wuya, yana cewa harshensa ya yi nauyi. Ta saɓa shi a kafaɗa ta fita da gudu, Baba Ishaku ya bi ta da keke, ni ina baya da takalmi a hannu. Rafin da muka tsallaka jiya ya kawo har ƙirji. Samari suka ɗaga yaron sama suka haye da shi, keken kuma ya kafe a laka a ɗaya gefen, aka yar da shi. Da na isa bakin babbar hanya na same ta zaune a ƙasa da shi a cinya, tana hura masa iska a baki. Leɓensa ya yi baƙi. Ran Lahadi ne da damina, babu mota. Allurar tana Minna. Kafin wata mota ta ɓullo ya daɗe da mutuwa.

A ƙauyen aka binne shi. Tun ba a rufe ramin ba an gama shari'a. Kowa ya gani da idonsa: ya ci daga hannunta, ya mutu. Alisabatu ta tashi a bakin kabarin ɗanta ta ce gyaɗa ce, ta faɗa da Gwaranci, ta faɗa da Hausa. Suka ce yara nawa suka ci daga ƙwarya ɗaya, manya nawa suka ɗanɗana, me ya sa shi kaɗai? Idan gyaɗa ce, ai da duk sun faɗi. Suka ce baƙin ciki ne ke sa ta magana, da kuma kirkinta. Ni ma na yi magana, wannan karon ko ladabin baƙo ban samu ba. Baba Ishaku ya tsaya a ƙofar tsohuwar ya hana a taɓa ta, amma ba zai kwana a tsaye kullum ba. Bayan mun dawo Minna muka ji an ƙone rumbunta, an kuma yaye rufin ɗakinta.

Wata rana da hantsi sai ga tsohuwar a ƙofar gidanmu da ɗan ƙulli a kafaɗa, ƙafafunta duk sun fashe. Ba ta yi sallama ba, ta tsaya kawai. Matan gida suka ce ba za ta shigo inda 'ya'yansu suke ba. Alisabatu ta fito ta daɗe tana kallonta. Sannan ta karɓi ƙullin ta shige ɗaki, tsohuwar ta bi ta.

Da yamma na tambayi Alisabatu dalili, domin ni da ni ce da ban karɓe ta ba.

"Ba mayya ba ce, Malama. Taurin kai ne da ita. In na bar ta a waje, na ce gaskiyarsu ke nan."

"To kin yafe mata?"

"Ban ce ba."

Haka suka zauna a ɗaki ɗaya. Alisabatu ta dawo da turmi da kasko gida, tunda babu sauran wanda ake ɓoye wa. Tana ba tsohuwar abinci, tana wanke mata zani, amma ban taɓa jin ta yi mata maganar da ta wuce ga tuwo, ga ruwa ba. Ita kuma tsohuwar ba wanda ya sa ta, ta ɗauki ɓarar gyaɗa ta zama aikinta. Takan wuni a bakin ƙofa da tire a cinya, ba ta ɗaga kai. Iyali biyu suka tashi daga gidan. 'Yan unguwa suka daina sayen man Alisabatu, sai fasinjojin jirgi da ba su san ta ba. Duk wanda ya tsaya da ita, a kasuwa ko a ƙofar coci, sai ta fara masa bayanin gyaɗa daga farko, tunkuza da kunu da allura, har mutane suka riƙa sauya hanya idan sun hango ta.

A farkon 1970 yaƙi ya ƙare. Jirage suka riƙa wucewa cike da sojoji, tana tsaye a tasha da tiren ƙuli tana duba tagogi. Irimiya ba ya ciki. Wani ya ce ya gan shi a wani asibiti a kudu, wani ya ce a ruwa ya tafi. Ba a kawo mata gawa ba, ba a kawo mata shi ba. Ban sani ba ko ya taɓa jin labarin ɗansa.

Tsohuwar ta mutu a 1972, a kan tabarmarta. Aka aika ƙauye, suka ce ba su da wurin sa ta. A Minna aka binne ta, mu kaɗan ne a wurin, Baba Ishaku kaɗai ya zo daga can. Bayan mun dawo Nna ta shigo gaisuwa. Ta zauna kusa da Alisabatu ta dafa mata gwiwa, da zuciya ɗaya, ta ce:

"Kin yi ƙoƙari, 'yata. Yanzu kin huta. Allah ya raba ki da ita, ya saka wa Yona."

Na ga Alisabatu ta buɗe baki za ta fara bayanin nan nata. Ta dubi Nna, wadda ta koya mata sana'a, wadda ta ga kumburin yaron da idonta tun yana rarrafe. Sai ta rufe bakin. Ta ce amin, ta tashi ta hura wuta, domin jirgin yamma ya kusa.

Ban sake jin ta yi wa kowa bayani ba. Ba ta sake aure ba, ba ta sake haihuwa ba. Ta ci gaba da kai ƙuli tasha har ƙafafunta suka gaza.